Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar sanyin Amurka

Sana'ata gyaran na'urorin ɗumama gida, kuma duk shekara da sanyi ya kunno kai sai na ji 'yan'uwa da suka zo daga gida suna cewa, "Mu da muka saba da NEPA, wace ɗaukewar wuta za ta tayar mana da hankali?" Wannan sabon shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

A watan Fabrairun 2021, guguwar ƙanƙara ta jefa gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan 4 cikin duhu a jihar Texas, hukumomin jihar kuma suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. Wasunsu ba sanyi ne ya kashe su ba, dabarar neman ɗumi ce. Wani ya kunna mota a gareji, wani ya shigo da gawayi falo.

A Kano ko Damagaram mutum kan hura kasko da hunturu ya kwana lafiya saboda iska na shigowa ta taga da ƙasan ƙofa, duk da can ma ana rasa rayuka. Gidajen nan Amurka kuwa a toshe suke ruf. Gawayi, janareta, murhun gas, duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mutum ya zaci mura ce ya kwanta, shi ke nan. Janareta waje ake ajiye shi, aƙalla ƙafa 20 daga gida, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da taga. Gareji ba waje ba ne, ko da ƙofarsa a buɗe take.

Da yawa ba su san cewa hitar gas ma wuta take jira ba. Fankar da ke tura zafi ba ta juyawa sai da lantarki. Don haka a tanadi barguna, tocila da batir, a tara iyali a ɗaki ɗaya, a cusa tawul ƙarƙashin ƙofa.

Sai bututun ruwa. Ruwa idan ya daskare kumbura yake yi, ya fasa bututu, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai ƙanƙarar ta narke. A bar famfo yana ɗiga, a buɗe ƙofofin durowar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, maigida da uwargida su san inda makunnin ruwan gidan yake tun yau. Batun abinci kuwa, in babu wuta, firij a rufe yakan riƙe shi kamar awa 4, firiza cike kuwa kwana 2.

Don Allah kafin sanyi ya kankama, ku sayi na'urar gano kabon monoksaid mai batir ku maƙala kusa da ɗakunan kwana. Idan ta yi ƙara, kowa ya fita waje, sannan a kira 911.