Wani abu daga sulusi ga bakin da ba ya roƙo

Aikina rabon gado da rubuta wa mutane wasiyya a nan Baudeta. A duk takardun da suka bi ta hannuna, masallaci da rijiya da makarantar allo su ne ke cin sulusi, kuma madalla da haka. Sau ɗaya tak na ji an ambaci dabba. Wani dattijo ne yana kwance kan tabarma, numfashi sama-sama, ya kamo bakin rigata ya ce, "Malam, rubuta jakina. Kada a sayar da shi, a bar masa harawar gonar gabas har ya mutu." 'Ya'yan suka kalli juna. Na ce musu wasiyyar baba ta inganta, na rubuta.

Shi ya dawo mini a rai ranar da na kai yarana gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, inda ake ajiye namun daji kuma. A can ƙaramin ya fara ganin kura da idonsa, dabbar da kakanninmu ke jin kukanta a bayan gari. Da ya ga zaki sai ya ƙanƙame ƙafata. Ni kuwa lissafi nake: babban zaki yana cin nama kamar kilo 5 zuwa 7 kullum, ga magani, ga ruwan dorina, ga haƙƙin mai share keji. Dabbar da aka kulle ba ta farauta, ba ta kiwo, sai abin da aka miƙa mata. Gidan namun dajin Landan, da ke nan tun 1828, a fili yake roƙon mutane su sa shi cikin wasiyyarsu. Mu da shari'a ta buɗe mana wannan ƙofa tuntuni, me ya hana mu?

Ga yadda hukuncin yake. Bayan an fitar da kuɗin likkafani an biya bashi, mutum yana da iko da sulusin dukiyarsa, iyakar da Manzon Allah (SAW) ya yanke wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, muddin ba magaji za a ba ba. Ciyar da dabba da shayar da ita sadaka ce mai lada.

Shawarata, kada ka ce "na dabbobi" kawai, domin nan rigima ke farawa. Faɗi wurin da sunansa, ko na Yamai, ko gidan namun daji na Audu Baƙo a Kano, ko gandun dajin Gadabeji a jiharmu ta Maraɗi, inda aka mayar da raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Tun kana da ƙafa ka tambayi masu kula da wurin yadda suke karɓar kyauta. Na fi son abin da ke haihuwa, kamar hayar shago ko amfanin gona da aka yi wakafi, a kan kuɗin da za su ƙare a wata guda. A rubuta gaban shaidu biyu adilai, kuma ka gaya wa iyalinka da bakinka, kada su fara jin zancen ranar sadakar uku.