Furfura Ta Yawaita, Gashi Ya Gajarta: Wane Kitso Ya Dace?

Wata baiwar Allah, malamar makaranta daga Kurfi, ta aiko da tambaya. Ta ce ta haura shekara 50, furfura ta mamaye fiye da rabin kanta, gashin ya bushe yana karyewa, na gaban goshi kuma ya ja baya. Tana so ta rage tsawonsa ta huta, amma tana tsoron kada ya muzanta ta, kuma ba ta san matsayin hakan a addini ba.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗin wannan tambaya, domin mata da yawa na fama da ita a zuci, kunya ta hana su furtawa.

Bari mu fara da ita kanta furfurar. Kowane silin gashi yana tsirowa ne daga wani ɗan rami a fatar kai, kuma a gindin ramin akwai ƙwayoyin halitta masu samar da melanin, wato sinadarin da ke ba gashi da fata baƙinsu. Idan shekaru suka ja, sai ƙwayoyin su rage aiki, gashi ya fito fari. A wurin baƙar fata wannan yakan soma ne wajen shekara 45, kuma gado ne ya fi tasiri a kan lokacin. Wadda ta ga furfura tun kafin 30, yana da kyau likita ya duba ta, don ƙarancin bitamin B12 ko matsalar ƙullun maƙogwaro da ake kira tayiroid na iya jawo ta. Maganar da ake yi cewa in an cire ɗaya sai goma su fito ba haka ba ne: rami ɗaya, sili ɗaya. Illar tsigewa ita ce tana lalata ramin har gashi ya daina fitowa, ga shi kuma hadisi ya hana.

Game da ragewa, ki kwantar da hankalinki. Ya zo a Sahihu Muslim cewa matan Annabi (SAW) sun kasance suna rage gashinsu har ya tsaya wajen kunne. Abin da malamai suka ƙi shi ne aske kai ƙwal ba tare da lalura ba, ko yin askin da ya yi kama da na maza. Ki yi shawara da maigida, sannan ki datse bakin da ya tsattsage. Gashi na ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, saboda haka abin da aka yanke zai dawo.

To, sai kitson. A nan zan ɗan daɗe, don nan ne ake yin ɓarna. Shekaru na rage maiƙon da fatar kai ke fitarwa, shi ya sa furfura ke da bushewa, ba ta jure ja. Ki lura da makitsiya idan ta kai gaban goshi: takan sa kibiya ta tsinto 'yan ƙananan gashin nan, ta ɗaure tamau har girar mutum ta ɗaga, washegari a ga ƙuraje sun jeru a bakin kitson. Wannan jan ne yake cinye goshi shekara bayan shekara, ba furfura ba. Ki ce mata, "Don Allah sassauta hannu, ki bar mini na gaban nan." Kitson da ya hana ki barci ko ya dame ki wajen sujada, a tsefe shi a ranar.

A ganina, babu kamar zane mai matsakaicin kauri ga gajeren gashi mai furfura. Ƙananan kitso na bayyana fatar kai a inda gashi ya yi ƙaranci, matsakaici kuwa yana haɗa fari da baƙi su tafi tare kamar saƙar zare biyu, kuma abin yana da kwarjini. Idan fuskarki mai faɗi ce, ɗan shuku marar tsauri da ya tattara sama zai ƙara mata tsawo, kuma yana ba ɗaurin ɗankwali wurin zama. Irin hikimar da ke cikin doka ke nan, wadda kakanninmu ke yi mai tudu a tsakiyar kai. Mai doguwar fuska kuwa ta tsaga tsakiya, kitson ya gangaro gefe biyu. Tunda goshinki ya ja baya, a karkata zanen gefe guda ya rufe wurin, maimakon a ja shi kai tsaye zuwa ƙeya. Kalaba da ƙarin gashi ki bar su: nauyi ne a kan saiwa mai rauni, ƙarin gashi kuma shari'a ta hana.

Kada kitso ya wuce mako biyu, musamman a zafin Maris da Afrilu da gumi ke taruwa a ƙarƙashin hijabi. Wanki da karkashi yana sa laushi, tsifa ta zo da sauƙi. Da hunturu, ki shafa man kaɗanya ko man zaitun tun gashin na da ɗan danshi, ki taje da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa gindi. Duk waɗannan za ki samu a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma. Rilaksa kuwa, ina roƙonki ki yi nesa da shi.

Idan kina son launi, lalle ne abokin tafiya. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa fari fat, Annabi (SAW) ya yi umarni a canza launin amma a guji baƙi. Lalle zai mayar da furfura ja-ja mai haske, sai dai yana ƙara busar da gashi, don haka a bi shi da mai. Baƙin dayis ɗin da ake haɗawa da lalle yakan ƙunshi sinadarin PPD, wanda ke kumbura wa wasu fuska da fatar kai. Duk rinin da za ki yi, ki fara gwada ɗigo a bayan kunne, ki jira kwana biyu, in babu ƙaiƙayi ko kumburi sannan ki sa a kai.