Kada Ka Ce Allah Ya Yashe Ka

Ya ɗan'uwana, kadan ka bi Yesu Almasihu, wataƙila danginka za su ƙi cin tuwo da kai, a daina sayen kayanka a kasuwa. Kada ka ce Allah ya yashe ka. Maƙeri ba ya sa ƙarfe a wuta domin ƙiyayya, fartanya yake nema.

Ka tuna da mutanen Gimi. A 1913 waɗansu Isawa, wato mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a kasuwar Kano saboda zancen Annabi Isa, suka zo wurin Likita Miller cikin birnin Zariya, suna so a koya musu Linjila. Suka kafa ƙauye a Gimi, suka yi noma, suka buɗe makaranta. Kana ciwon barci ya faɗa musu, ya ɗauke manya da yara, har ƙauyen ya watse. Wa zai ce wannan ƙaramin abu ne? Kuka a bakin kabari ba zunubi ba ne, gama Ubangiji da kansa ya yi hawaye domin Li'azaru.

Da fari sun gaskata domin sun ji wa'azi. Bayan annoba kuwa, waɗanda suka tsira suka san Allah yana riƙe da mutum ko ran da ba shi da kome. 'Ya'yansu suka yi karatu a Zariya, da mishan ta ƙaura zuwa Wusasa a 1929, zuriyarsu na cikin masu ɗaukar nauyin ikilisiya.