Darasi Daga Anacha

'Yan'uwana masu koyon malanta, ga abin koyi. A 1925 aka buɗe sakandaren Dennis Memorial a Anacha, da gudummawar Kiristocin Ibo. Cikin ɗalibanta aka sami Kenneth Dike, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan, da Emmanuel Ifeajuna, wanda ya ci zinariya a gasar tsalle a Kanada a 1954.

Shawarata, in an tura ka koyar da 'ya'yan Hausawan Upper Iweka, kada ka fara da roƙon kuɗi. Tara iyaye tukuna, nuna musu littattafan 'ya'yansu. In sun bayar, rubuta kowane kwabo, ka karanta lissafi a gabansu. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya shiga, gobe ma zai bayar.