YADDA AKE FID DA KIFIN DA FATSA BA TA KAMA SOSAI BA

Kowane masunci ya san baƙin cikin ganin kifi ya iso gaɓa sa'an nan ya kuɓuce. Masu jefa fatsa a madatsar ruwa ta Gubi, wadda ke shayar da birnin Bauchi, da masu zuwa Kogin Gongola wajen Dindima, da na tafkin Maladumba kusa da Misau, duk sun san wannan hasara. Ga mai iyali kuwa, kifin da ya kuɓuce cefanen yini ne ya tafi. Abin da wannan darasi zai koya maka shi ne, irin wannan kifi da dabara ake fid da shi, ba da ƙarfi ba.

Yadda Za Ka Gane

Fatsa ta kama sosai idan ta shiga gefen baki har kunnenta ya nutse. Amma wani lokaci takan ɗan saƙale fatar leɓe kawai, ko ta kama ƙege, ko gefen jiki. Idan kifi ya taso ka hangi yawancin ƙarfen a waje, to kamun ba shi da ƙwari. Idan kuma ya zo a karkace, yana nauyi fiye da girmansa, watau a jiki aka kama shi. Wannan ya fi faruwa ga karfasa, don bakinta ƙarami ne. Tarwaɗa kuwa bakinta da fāɗi, sau da yawa takan haɗiye koto gaba ɗaya.

Dalilin Kuɓucewa

Hanya biyu ce. Ta farko, idan zare ya saki, kifi ya girgiza kai, sai fatsa ta faɗo daga ramin da ta huda. Ta biyu, idan aka fizga, sai fatar ta yage. Ka lura, muddin kifi yana cikin ruwa, ruwan ne ke ɗauke da nauyinsa. Da zarar ka ɗaga shi sama, nauyin nan duka ya koma kan 'yar fatar da ta rage. Shi ya sa yawancin hasara a bakin gaɓa ake yin ta.

Abin Da Za Ka Yi

1. Ka riƙe zare a miƙe kullum, kada ya saki, kada kuma ya yi tauri ainun. Bari sandar ta lanƙwasa, ita ce za ta shanye fizgar kifin.

2. Idan ya ja da ƙarfi, ka ba shi zare kaɗan kaɗan, ko ka bi shi ta gaɓa. Idan ya lafa, ka jawo a hankali. Kada ka sāke fizga wai don fatsa ta ƙara shiga, ramin kawai za ka faɗaɗa.

3. Ka karkata sandar gefe, ƙasa ƙasa, don kan kifin ya zauna cikin ruwa. Giwan ruwa da tsage sukan yi tsalle su girgiza kai, a nan ne suke yar da fatsa.

4. Ka janye shi daga ciyawa da duwatsu da kututture, ka nufi wuri mai yashi marar zurfi.

5. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Saboda haka kada ka bi kifi da koma. Ka nutsar da ita tukuna ta tsaya cik, ka jawo kifin kanta, kai ne gaba, sa'an nan ka ɗaga komar. In babu koma, ka zamo da shi kan yashi, ka kama shi ta bayan kai.

Gargaɗi

Tarwaɗa da kurungu suna da ƙaya mai tsini a gefen ƙirji, sukarta tana da zafi, takan kuma kumbura. Tsage kuwa haƙoransa kamar allura suke, kada ka sa yatsa a bakinsa. Har wa yau, kada ka faɗa ruwa don bin kifi. Bakin madatsa yakan zurma farat ɗaya, ga santsin laka. Babu kifin da ya kai ran mutum, kuma lalle a hana yara zuwa su su kaɗai.

Rigakafi

Ka wasa fatsarka kafin ka fita, ka yar da wadda ta yi tsatsa. Ka daidaita girmanta da bakin kifin da kake nema, kada kuma tana ta rufe tsinin gaba ɗaya. Ƙaramin kifin da bai ji rauni ba, ka jiƙa hannu ka cire masa fatsa ka mai da shi ruwa ya girma ya hayayyafa.

Daga ƙarshe, kada hasarar kifi ɗaya ta kai ka ga zuba guba ko jefa nakiya a ruwa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta wannan, ga shi kuma ruwan Gubi shi jama'ar Bauchi ke sha. Idan kana bukatar ƙarin bayani, ka tuntuɓi Sarkin Ruwa ko malamin kifi na yankinku.