Idan Likita Ya Ce Ki Yo Hoton Zuciya

Darasinmu na wannan fitowa a kan gwajin da likitoci ke kira eko ne, wato hoton zuciya. Da yawa daga cikinmu da an rubuta mana shi sai gaba ya faɗi, a ninke takardar a jefa jaka, a koma shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a ci gaba da ciniki, wai sai an samu sarari.

'Yar'uwa, in kin taɓa yin sikanin na ciki, kin riga kin san eko. Aikinsu ɗaya: na'ura ce ke aika sautin da kunne ba ya ji, ya dawo da hoton zuciya tana bugawa. Ba allura, ba yanka, ba hasken da zai cutar da mai ciki ko mai shayarwa. Irin wanda aka saba yi ta kan ƙirji ba ya hana cin abinci, kuma ba ya karya azumi. Za ki kwanta ta gefen hagu, a shafa miki wani mai mai sanyi, a riƙa dannawa da kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Kamar rabin awa ne, ko ya ɗan ɗara.

Na san abin da ke ranki, wato buɗe ƙirji. Ki sa riga da zane, kada ki sa doguwar riga, ki yafa mayafi, a buɗe iya inda ake bukata. Ki nemi mace in akwai. In babu, ki shiga da maigida ko wata 'yar'uwa, domin neman magani lalura ce.

Masu jego nake so su fi saurara. Akwai ciwon da ke raunana zuciya a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka zargi kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken baya da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga rama da hawan jinin masu ciki. Ko ma mene ne sanadi, alamomin ba sa ɓuya: kumburin ƙafa, haki in kin ɗan taka, tarin dare, da kasa kwanciya sai kin tara matasan kai. Sai ki ji ana cewa ai jego ne, a ƙara mata kunu. Wannan kam ganganci ne. A tafi babban asibiti, irin su Barau Dikko ko Shika.

A takardar sakamako ki duba haruffan EF. Suna nuna kason jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu. Lafiyayya tana tura kamar kashi 55 zuwa 70 cikin 100, ba 100 ba, don haka kada 60 ta tsorata ki. A wannan ciwo yakan yi ƙasa da 45. Mata da yawa zuciyarsu na farfaɗowa da magani, shi ya sa ake maimaita gwajin bayan wasu watanni. Ki adana takardar farko don a kwatanta, kuma ke da maigida ku ji ta bakin likita kafin wani cikin, domin ɗaukar ciki zuciya ba ta gama warkewa ba haɗari ne babba.