Amanar Jariri: Darasi A Kan Cutar Gado Mai Ɓuya

 Darasin wannan mako ya shafi wata cuta ta gado mai wuyar ganewa, wadda likitoci ke kira fenilketonuriya.

A cikin nono, nama, ƙwai da wake akwai wani sinadari, fenilalanin, wanda hanta ke sarrafawa. Yaron da ya gaji cutar, hantarsa ba ta iya wannan aiki, sai sinadarin ya taru cikin jini, ya yi ta cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Akan haife shi lafiya lau a ido. Sai bayan watanni alamu ke bayyana: jinkirin zama da tafiya da magana, farfaɗiya, da fitsari mai warin ɓera. Kafin nan kuwa ɓarna ta yi nisa.

Dokta Folling na ƙasar Norwe ne ya gano cutar a 1934, saboda naciyar wata uwa mai 'ya'ya biyu da ta ƙi daina neman dalilin ciwonsu. A 1953 Dokta Bickel ya nuna a Ingila cewa abinci mai ƙarancin sinadarin yana rage illar. A farkon shekarun 1960 Dokta Guthrie na Amurka ya fito da gwajin ɗigon jini daga dunduniyar jariri. Wanda aka gano tun makonnin farko, aka tsare masa abinci, yakan tashi da cikakken hankali.

Darasi na farko, yaro amana ne, kuma Shari'a ta yi umarni da neman magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, tawakkali kuma ba sakaci ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, zargin maita ko aljanu ba da hujja ba yana cinye lokacin da yaro ke bukata, ga kuma alhakin wanda aka yi wa ƙazafi.

Na uku, daga uba da uwa duka ake gadon cutar, alhali su lafiyarsu ƙalau. In dukansu suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da haɗarin kashi 1 cikin 4. Saboda haka ɗora wa uwa laifi zalunci ne. Auren zumunta halal ne, amma yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Gidan da aka taɓa samun irin wannan yaro, ya kamata su shaida wa likita tun kafin haihuwa ta gaba.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.